Auren Ƙetaren Iyaka: Daga Dole Kaina Zuwa Santo Domingo

A Dole Kaina, inda Kogin Kwara ke faɗowa Najeriya bayan ya gama raba Nijar da Benin, auren 'yar wata ƙasa ba abin ba da labari ba ne. Garin kansa a kan layi yake zaune: wani ɓangare a Jihar Kebbi, wani kuma, wanda ake kira Dole kawai, a yankin Gaya na jihar Doso ta Nijar. Wanda ya shiga kwale-kwale ya ƙetare zuwa Lolo ta ƙaramar hukumar Bagudo, to Madekali ta Benin na gabansa, Malanbil kuma na can gaba kaɗan. Saurayi na iya kai kuɗin gaisuwa da naira, a yanka masa sadaki da sefa, a ɗauko amarya ta ruwa, kuma duk cikin 'yan rakiya babu wanda zai ce an yi tafiya ƙasar waje.

Dalili a fili yake. Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani da Hausawan wannan yanki sun riga iyakar zama a wurin. Turawan Ingila da na Faransa ne suka raba ƙasar a yarjejeniyar Faris ta 1898 da gyare-gyaren da suka biyo baya, Illo ta faɗa hannun Ingilishi, Gaya ta faɗa hannun Faransa. Masanin nan Olivier Walther, wanda ya yi bincike mai zurfi a kan kasuwannin Gaya da Malanbil da Kamba, ya nuna yadda fatauci a nan ke tafiya bisa sanayya da amana tsakanin mutanen da ke zaune a ƙasashe uku. Aure na cikin abin da ke ƙulla wannan sanayya, tun kafin a san wani abu wai shi fasfo.

Sai dai auren da jama'a suka shaida daban, wanda hukuma ta sani daban. A wannan ɗan kusurwa ana ɗaura aure iri ɗaya, da waliyyi da shaidu da goro da alawa, amma dokoki uku ne ke kallonsa, kuma ba su yi masa hukunci ɗaya ba. Yawancin ma'aurata ba sa sanin haka sai ranar da abu ya ɓaci: miji ya rasu an zo rabon gado, ko an rufe iyaka, ko yaro ya tashi neman katin ɗan ƙasa, ko an tsaya gaban tagar jami'in biza.

A ɓangaren Najeriya lamarin ya zo wa Musulmi da sauƙi. Dokar ƙasa ta amince da aure iri uku: na Musulunci, na gargajiya, da na rajista. Tsarin mulkin 1999 ya ba Gwamnatin Tarayya iko a kan aure da rabuwarsa, amma ya cire na Musulunci da na gargajiya daga ciki. Saboda haka idan sharuɗɗan da malaman Malikiyya suka sani sun cika, wato waliyyi, da sadakin da bai gaza rubu'in dinari ba, da shaidu biyu, da siga, to aure ya ɗauru a idon shari'a da idon doka, ko da ba a rubuta ko harafi ɗaya ba. Ƙasar da amarya ta fito ba ta cikin sharuɗɗan. Matsalar tana wajen tabbatarwa. Shaidu na mutuwa, liman na tsufa, kuma jami'in da ke zaune a Abuja ko Kotono bai ci goron ba. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta tanadi a kai auren gargajiya kotun yanki a rubuta shi cikin kwana 60, kuma kotunan shari'a na bayar da takardar shaidar aure ga wanda ya nema. Masu nema ne ƙalilan, galibinsu kuma sai buƙata ta taso musu, shekaru bayan an sha biki.

Auren rajista kuwa yana ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914, wadda har yau ita ke aiki. Ana kai sanarwa ofishin rajista, a liƙa ta kwana 21 don mai ƙorafi ya fito, sannan a ɗaura cikin wata uku a gaban shaidu biyu, a ba da takarda mai hatimi. Takardar na da kwarjini a ofisoshin jakadanci, shi ya sa 'yan cuwa-cuwar biza ke tura mutane can ba tare da yi musu bayani ba. Bayanin da ake ɓoyewa shi ne: wannan aure na mace ɗaya ne tak. Mai mata a gida da ya je ya yi rajista da wata, auren bai ɗauru ba a doka, kuma ya aikata laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar. Wanda ya fara da rajista sannan ya ƙaro ta biyu bisa al'ada, shi ma hukuncin ke nan. Rabuwa kuma ba ta yiwuwa da furucin baki ko 'yar takardar saki. Sai babbar kotu ta raba. Musulmin da ya sa hannu a wannan takarda don kawai ta yi masa amfani a wajen biza ya ɗauko wa kansa dokar da bai karanta ba.

Da an taka ƙasar Benin sai labari ya sauya. A watan Agustan 2004 ƙasar ta kafa sabuwar dokar iyali, bayan Kotun Tsarin Mulkinta ta ce barin namiji ya tara mata alhali mace ba ta da irin wannan dama ya saɓa wa daidaiton da tsarin mulki ya yi alkawari. Tun daga lokacin, auren da jami'in gwamnati ya ɗaura a ofishin magajin gari shi kaɗai ke da tasiri a doka, mace ɗaya ake amincewa da ita, shekarun aure 18 ne ga namiji da mace, sadaki kuma alama ce kawai. A Malanbil da Karimama da Kandi, inda Musulmi suka fi yawa, ba a fasa ɗaura aure a masallaci ba, ba a kuma fasa yin ta biyu da ta uku ba. Amma matar da aka tsaya da aurenta a ƙofar masallaci, ranar da miji ya faɗi, dokar ƙasarta ba ta san ta da sunan matarsa ba.

Ga inda abin ya shafi ɗan Najeriya. Akwai ƙa'idar da kusan duk ƙasashen duniya ke bi: ingancin aure ana auna shi ne da dokar wurin da aka ɗaura shi. A al'adarmu kuwa garin amarya ake zuwa. A ɗauka samari biyu ne 'yan gida ɗaya a Bagudo. Ɗaya ya nemi yarinya 'yar Benin da iyayenta ke zaune a Lolo, aka ɗaura a can. Ɗayan ya nemi ƙanwarta da ke hannun kakanni a Madekali, aka ɗaura a masallacin garin. Liman iri ɗaya, fatiha iri ɗaya, tazarar da ke tsakani ba ta wuce tafiyar babur ba. Na farko yana da auren da dokar wurin ta amince da shi, takardar kotu kawai yake buƙata. Na biyu, muddin bai bi ta ofishin magajin gari ba, idan wata rana ya nemi kai matarsa wata ƙasa mai bin diddigi, za a iya ce masa ba shi da aure. Babu malamin da zai ce aurensa bai halatta ba, amma jami'in biza ba fatawa yake bayarwa ba.

Nijar na tsakiya. Ta bar aure da saki da gado a hannun al'ada ga wanda ya zaɓi haka, kuma ba ta hana mace fiye da ɗaya ba, amma tana son a kai rahoton auren ofishin rajista na gunduma. Wanda ya bari wa'adi ya wuce sai ya bi ta kotu kafin ya sami takarda.

To an ɗaura, an kawo amarya. Da wane izini take zaune?

Tambayar za ta ba mutanen Dole Kaina dariya, amma tana da amsa a doka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90, matuƙar yana riƙe da takardar tafiya. Zaman da ya wuce haka yana buƙatar katin zama daga Hukumar Shige da Fice. Mace na iya shekara talatin a ɗakinta, ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki, alhali a lissafin hukuma baƙuwa ce da wa'adinta ya ƙare tun wata uku bayan tarewa. A kwanakin lafiya babu mai tambaya. Amma wannan yanki ya ga kwanakin da ba na lafiya ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, sama da mutum miliyan ɗaya suka fice cikin 'yan makonni. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufe iyakar Nijar, har zuwa Maris ɗin 2024, gadar Gaya da Malanbil kuwa ta daɗe a toshe bayan haka. Sannan ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan waɗannan ƙasashe da barin su zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Ma'ana, 'yar Gaya da ke aure a Kamba yanzu tana zaune ne bisa sassaucin da za a iya janyewa da sanarwa guda.

Hanyar da ta fi ƙarko tana cikin tsarin mulki. Sashe na 26 ya ce matar da ke auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, tana iya neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Sharuɗɗan uku ne: kyawun hali, niyyar zama a Najeriya, da rantsuwar biyayya. Ba a ce sai ta yi wasu shekaru ba, kuma sashe na 28 bai tilasta mata yada ƙasarta ta haihuwa ba. Ana shigar da buƙatar ne a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jami'an tsaro su yi bincike, kwamiti ya tantance, Shugaban Ƙasa ya amince. Kafin a kai nan, matar ɗan ƙasa na da damar samun katin zama, kuma tsarin biza da aka ƙaddamar a Fabrairun 2020 ya ware rukuni na musamman ga mijin ko matar ɗan Najeriya. Duk waɗannan ƙofofi, abu na farko da ake tambaya a bakinsu shi ne takardar aure.

A aikace hanyar ta masu hali ce da masu ido a Abuja. A Satumbar 2022 Shugaba Buhari ya miƙa takardar zama ɗan ƙasa ga baƙi 286, kuma 78 ne kawai cikinsu suka samu ta rajista. Wanda ya san yawan matan Nijar da Benin da ke aure daga Kamba zuwa Illela, daga Jibiya zuwa Maigatari, ya san wannan adadi ko unguwa ɗaya bai ƙirga ba.

Idan aka juya lamarin, wato 'yar Najeriya ce ta auri baƙo, sai a tarar ƙofar a rufe. Sashe na 26 mace ya ambata, bai ambaci namiji ba. Bazabarmen Gaya da ya auri 'yar Dole Kaina ya zauna a garinsu, ba shi da wata hanya sai ta sashe na 27, wadda kowane baƙo ke bi: zaman shekara 15, da shaidar gwamnan jiha cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, da nuna cewa zai amfani ƙasa. Abin da Ma'aikatar Cikin Gida ke iya ba shi kafin nan matsayin baƙo na musamman ne, wanda izinin zama ne kawai. Ranar 1 ga Maris 2022, lokacin gyaran tsarin mulki, aka kawo ƙudirin da zai daidaita wannan, Majalisar Tarayya ta kayar da shi tare da wasu ƙudirorin da suka shafi mata. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa, Majalisar Wakilai ta ce ta janye matsayinta za ta sake dubawa, amma har wa'adin wannan majalisa ya ƙare sashen na nan yadda yake.

Masu kare wannan bambanci sukan ce mace ce ke bin miji, don haka ita ke buƙatar ƙasarsa. A kan iyaka wannan hujja ba ta da ƙafa. Masunci ko ɗan kasuwa yana zama ne inda abincinsa yake, kuma sau da yawa garin surukansa ne. Maƙwabtan da ake yi wa kallon na baya ma sun wuce wurin: Nijar ta gyara dokarta a 2014, ta ba mace damar ba mijinta baƙo ƙasarta, ta kuma halatta riƙe ƙasa biyu, Benin ta yi sabuwar dokar zama ɗan ƙasa a 2022 wadda ta daidaita namiji da mace. Ke nan ɗan Kebbi da ya auri 'yar Doso yana da hanyar zama ɗan Nijar ta dalilin matarsa, amma ɗan Doso da ya auri 'yar Kebbi sai ya ƙirga shekara 15.

Wajen 'ya'ya dai tsarin mulkin Najeriya ya yi adalci. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Najeriya, idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne; wanda aka haifa a waje kuma ya isa idan uwa ko uba ɗan ƙasa ne. Matar da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Malanbil ta haihu a can ba ta rage wa ɗanta komai ba. Amma tarihi ya nuna yadda ake iya juya asalin mutum ya zama makami. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma jigo a jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi Chadi bisa cewa mahaifinsa daga can ya fito. Babbar kotu a Maiduguri ce ta dawo masa da haƙƙinsa, domin mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. Ɗan masuncin da ba a yi wa takardar haihuwa ba, wanda uwarsa ke magana da Zabarmanci, ba shi da ko ɗaya, kuma yau lambar NIN ake tambaya kafin jarrabawar JAMB, kafin fasfo, kafin layin waya.

Wanda yake ganin wannan duk wahala ce, to ya dubi abin da ke jiran wanda aurensa ya ƙetare teku. A unguwar Bronx ta birnin New York, 'yan Afirka ta Yamma, har da Hausawa da Zabarmawa, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da 'yan Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ke raba tsibiri ɗaya da Haiti a yankin Karibiyan. A ɗauka wani ɗan asalin Kebbi da ya zama ɗan Amurka ya daidaita da wata 'yar Santo Domingo, babban birnin ƙasar, yana son ya aure ta a can ya kawo ta.

Zai fara da tara takardu: fasfo, takardar haihuwa, da rantsuwar cewa ba shi da aure, ko hukuncin kotu idan ya taɓa yi an rabu. Duk sai an fassara su zuwa Sifaniyanci an tabbatar da su. Takardun da suka fito daga Amurka hatimi ɗaya ya ishe su, domin ƙasashen biyu na cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 da ta sauƙaƙa tantance takardu. Najeriya ba ta ciki, don haka takardar haihuwarsa ta Birnin Kebbi sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ta ofishin jakadanci. Auren kansa jami'in rajista ke ɗaura shi a gaban shaidu, a ƙarƙashin hukumar da ke kula da zaɓe da rajistar jama'a ta ƙasar. Tun Janairun 2021 doka ta haramta aurar da wanda bai kai 18 ba, ko da iyaye sun yarda.

Takardar auren na fitowa, sai aikin Amurka ya fara. Miji zai cike fom mai lamba I-130 ya aika wa hukumar shige da fice ta USCIS, yana neman a amince cewa wannan matarsa ce. Idan an amince, fayil ya wuce cibiyar biza ta ƙasa, matar ta cike nata fom, likitan da ofishin jakadanci ya yarda da shi ya duba ta, ta kawo takardar 'yan sanda, sannan a kira ta ganawa a Santo Domingo. Da 'yar Najeriya ce, Legas za ta. Matar ɗan ƙasa ba ta jiran layin kaso na shekara-shekara. Matar mai katin zama kawai tana jira. Akwai kuma fom I-864, inda miji ke rantsuwa cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnati, kuma ya ɗauki nauyinta. Wannan alkawari saki ba ya warware shi. Yana nan a wuyansa har sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta yi aikin da ya kai kimanin shekara goma, ko ta bar ƙasar, ko ɗayansu ya mutu. Wanda ya saba da cewa nauyin ciyarwa na ƙarewa da ƙarewar idda, ya karanta wannan fom sau biyu kafin ya sa hannu.

Idan auren bai cika shekara biyu ba ranar da ta shiga Amurka, katin zaman da za a ba ta na gwaji ne, na shekara biyu. Cikin kwana 90 na ƙarshe sai su koma tare su nuna cewa auren na nan. Tun 1986 dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai dala 250,000 ga mai auren bogi don takarda.

Akwai wurare biyu da al'adar Bahaushe ke karo da waɗannan dokoki kai tsaye, kuma nan ne aka fi yin asara. Na farko wakilci. A wurinmu ango ba ya magana a wajen ɗaurin aure, wakilinsa ke karɓa masa, amarya kuwa tana cikin gida. Sau da yawa ma ango na wata ƙasa ake ɗaurawa, a kira shi a waya a yi masa murna. Dokar Amurka ba ta ɗaukar auren da aka ɗaura ba tare da ma'auratan suna wuri ɗaya ba, sai in sun haɗu sun tare bayan ɗaurawar. Kanada ta fi tsanani: tun Yunin 2015 ta daina karɓar auren wakilci ko na waya ko na intanet a neman izinin zama. Na biyu yawan mata. Amurka da Ingila da Kanada duk mace ɗaya suke bari a kawo. A lissafin Amurka ta farko ce matar, kuma wanda ya nufi shiga ƙasar don ya zauna da fiye da ɗaya ba a ba shi izini. Mai uwargida a Bagudo da ya rantse a Santo Domingo cewa shi gwauro ne ya yi ƙaryar da za ta iya rushe duk abin da ya gina a kanta.

Ga kuma wata 'yar matsala da ba a rubuta a doka ba. Jami'in ganawa yana neman alamun shaƙuwa irin waɗanda ya sani: hotuna tare, saƙonnin waya, asusun banki na haɗin gwiwa, sanin ranar haihuwar juna. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta faɗi sunan mijinta, ta sunkuyar da kai idan an ambace shi, tana iya zama abar zargi a gaban wanda bai san kunya irin tamu ba. Auren gaskiya ma sai an shirya masa hujja.

Ingila ta fi dogara da aljihu. Daga 2012 an buƙaci mai ɗaukar nauyi ya nuna yana samun fam 18,600 a shekara. A Afrilun 2024 aka ɗaga zuwa fam 29,000. Matar za ta ci jarrabawar Turanci ta matakin farko, ta yi gwajin tarin fuka, kuma sai bayan shekara biyar take neman zama na dindindin. Dokokin kuma na juyawa da juyin siyasa: a farkon 2020 Donald Trump ya dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya, har da matan aure, Joe Biden ya soke umarnin ranar da ya hau mulki a Janairun 2021.

Jamhuriyar Dominika na da wani darasi da ya fi kusa da Dole Kaina fiye da batun biza. Ita ma tana da iyaka mai kasuwa, irin ta Dajabon, inda mutanen ɓangarorin biyu suka daɗe suna ciniki da auratayya. A Satumbar 2013 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar, a shari'ar Juliana Deguis Pierre, ta yanke cewa 'ya'yan baƙin da ba su da izinin zama ba 'yan ƙasa ba ne, ta kuma mayar da hukuncin baya har zuwa 1929. Dubban mutane 'yan asalin Haiti, waɗanda aka haifa a ƙasar kuma ba su san wata ba, suka wayi gari ba su da ƙasa. Da duniya ta yi ca, aka yi doka a 2014 don gyara, kuma waɗanda sunansu ke cikin rajistar haihuwa tun farko su ne suka fi samun mafita. Waɗanda ba a taɓa rubuta su ba suka fi shan wuya.

Abin da ya rage wa mutanen bakin Kwara ba mai tsada ba ne. Wanda zai auro daga Benin ya bi ta ofishin magajin gari, ko a ɗaura a ɓangaren Najeriya. Wanda aka ɗaura masa a gida ya je kotun shari'a da waliyyi da shaidu tun suna raye, ya karɓi takarda. A yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidaya, ko a wace gaɓar kogi aka yanke masa cibiya. Limamai da hakimai na iya riƙe littafin aure mai suna da kwanan wata da garin kowane ɓangare, tunda tsarin mulki ya riga ya sa rajistar aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Sashe na 26 kuwa sai Majalisar Tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, wato 24 cikin 36, sun yarda kafin ya gyaru. 'Yan majalisar da ke wakiltar Bagudo da Dandi da sauran garuruwan iyaka sun fi kowa sanin gidajen da wannan sashe ya shafa, domin a cikinsu suke neman ƙuri'a. Su ya kamata su fara miƙewa idan ƙudirin ya dawo.